Sana'ar Zanen Alƙaluma: Masu Sa Bincike Ya Ganu da Ido

A kusan kowane sashen bincike, na jami'a ne ko na asibiti ko na hukumar hasashen yanayi, akwai mutum guda da ake nema idan rubutu ya kammala amma zane ya ƙi daidaita. Wani wuri malami ne, wani wuri ɗalibin digiri na uku ne, wani wuri kuma ma'aikaci ne da aka ɗauka don wannan aiki kaɗai. Ba kasafai ake ganin sunansa a saman takarda ba, alhali abin da mai karatu ke fara kai ido a kansa aikin hannunsa ne. Shi ne mai zanen alƙaluma. Yana karɓar dubban lambobi daga hannun mai bincike, ya rubuta wa kwamfuta umarni ta mayar da su layi ko sanduna ko taswira mai launi, sa'an nan ya zauna yana gyara har sai zanen ya faɗi abin da lambobin suka faɗa, ba ƙari ba ragi.

Wanda bai san aikin ba yakan ɗauka kwalliya ce ake yi wa bincike bayan an gama. Wani masanin ƙididdiga ɗan Ingila, Francis Anscombe, ya rushe wannan zato tun a 1973. Ya tsara rukunin lambobi huɗu, kowanne da ɗigo 11, waɗanda lissafinsu ya zo ɗaya: matsakaici ɗaya, ƙarfin alaƙa ɗaya, layin da ya fi dacewa da su ma ɗaya. Da aka zana su sai ga kamanni huɗu mabambanta. Ɗaya ya bazu a gefen miƙaƙƙen layi, ɗaya ya lanƙwasa, sauran biyun kuma ɗigo guda ne da ya fita daban ya ja lissafin gaba ɗaya. Gani ya kori ji. Abin da lissafi ya ɓoye, zane ya tona.

Asalin kayan aikin

Zanen alƙaluma ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. William Playfair ɗan Sukotland ya buga zanen layi da na sanduna a 1786, da hannu aka sassaƙa su a farantin ɗab'i. Sai dai sana'ar da muke magana a kanta ta yau ce, wadda alƙalaminta shi ne yaren kwamfuta. Masu amfani da yaren R sun fi riƙe ggplot2 na Hadley Wickham. Masu yaren Python kuwa, babban kundin umarninsu shi ne Matplotlib, kuma a kansa za mu fi tsayawa, domin wasu kundayen irin su Seaborn da Cartopy a bisa shi aka gina su.

Matplotlib daga ɗakin binciken ciwon farfaɗiya ya fito. John Hunter, masanin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a Jami'ar Shikago ta Amurka, yana nazarin motsin lantarkin da ake ɗauka daga ƙwaƙwalwar masu farfaɗiya. Manhajar da ɗakin ke amfani da ita ta kuɗi ce, lasisi ɗaya gare su, da ɗan mabuɗi guda da ake maƙala wa kwamfuta, sai an bi layi kafin ya zo hannun mutum. Hunter ya fara gwada rubuta tasa da manhajar MATLAB, aikin ya fi ƙarfin tsarin, sai ya koma Python. A 2003 ya saki Matplotlib kyauta ga kowa. Ya rasu a watan Agusta na 2012 yana da shekara 44, bayan jinyar ciwon daji. Michael Droettboom ya karɓi jagoranci, daga baya Thomas Caswell, tare da ɗaruruwan masu ba da gudummawa daga ƙasashe daban-daban. Abin da aka ƙirƙira don marasa lafiya a asibiti guda ya kai ga masu binciken sararin samaniya: yana cikin kayan aikin da tawagar Event Horizon Telescope ta yi amfani da su wajen hoton baƙin ramin sararin samaniya na farko da aka nuna wa duniya ranar 10 ga Afrilu, 2019.

Yadda mai sana'a ke kallon zane

Ni da kai idan muka kalli zane, hoto guda muke gani. Mai sana'a gaɓoɓi yake gani. Akwai babban shafi da ke ɗauke da komai. A cikinsa akwai fili ɗaya ko fiye inda ake zana bayanai. Kowane fili yana da layin kwance da layin tsaye, kowane layi da zanensa na ma'auni, da lambobin da ke jikin zanen, da sunan abin da ake aunawa. Ga kuma akwatin bayani da ke faɗin ma'anar kowane launi. Duk ɗaya daga cikin waɗannan abu ne mai zaman kansa da ake iya kira da suna a canza masa girma ko launi ko wuri, har a ce wanne zai hau kan wanne.

Hanya biyu ake ba da umarni. Ta farko ita ce ta gaggawa, wadda Hunter ya kwaikwayo daga MATLAB: ka ce a zana, manhaja ta zana a filin da take ganin shi ne na yanzu. Ta biyu ita ce ka riƙe shafin da filin da sunayensu, ka riƙa faɗa wa kowanne abin da zai yi. Sabon shiga yakan cakuɗa su, sai ya rubuta take don fili na farko ya same shi a kan na huɗu. Abin da gwanaye ke fara koya wa yaransu ke nan: da zarar fili ya wuce ɗaya, kira kowanne da sunansa.

Matsalolin da ke bayyana kansu

Wasu matsalolin ba sa ɓuya, kuma su ne masu sauƙi. An adana zane an buɗe fayil sai farin shafi, domin an ba da umarnin nunawa kafin na adanawa, tagar na rufewa zanen ya tafi. An adana sai rubutun gefe ya yanke, maganinsa a umarci manhaja ta auna iyakar shafin da kanta. Akwatin bayani ya zauna a kan layin da ake son gani, sai a fitar da shi gefe. Shekaru sun fito da ɗigo, ana ganin 2010.5, ko manhaja ta cire wani babban adadi ta rataye shi a kusurwa da ƙananan haruffa. An zana ɗaruruwan zane a jere ba a rufe ko ɗaya ba, har manhaja ta yi gargaɗi bayan na 20, kwamfuta ta fara nauyi. Duk wanda ya yi wata shida a aikin ya haddace waɗannan.

Matsalolin da ke yin shiru

Inda ake gane gwani shi ne zanen da ya fito lafiya lau, babu saƙon kuskure ko ɗaya, amma ƙarya yake faɗa. A nan ne sana'ar take.

Ɗauki abin da ke faruwa kullum. Ɗaliba ta kawo alƙaluman ruwan sama na wata tasha, na shekara talatin. Ta ce, "Malam, don Allah duba mini, layin nan hawa kawai yake yi." Mai sana'a ba ya taɓa zanen tukuna. Lambobin da ke jikin layin tsaye yake fara karantawa, sai ya ga 120, sama da shi 85, sama da shi 240. Ma'auni ba ya tafiya haka. Nan take ya gane cewa kwamfuta ba ta ɗauki waɗannan a matsayin lambobi ba, rubutu ta ɗauke su, sai ta jera su yadda suka zo mata, kowane sabo a saman na baya. Dalili yakan zama ƙarami: wani ya sa ɗan jan layi a gurbin da babu awo, ko kuma fayil ɗin daga Nijar ya fito, inda ake bin tsarin Faransanci a rubuta 12,5 da waƙafi a maimakon 12.5 da ɗigo. Gurbi guda ya isa ya mayar da dukan jerin rubutu.

An gyara wannan, sai ga layin ya faɗa wani rami mai zurfi a wata guda, har sauran shekarun suka matse a sama kamar ba su da bambanci. Mai sana'a ya duba gurbin ya ga -999. A fayilolin yanayi da yawa, wannan adadi alama ce ta cewa ba a auna ba, amma manhaja ba ta san haka ba, zana shi take yi kamar kowane awo. Ya maye gurbin da alamar babu, sai layin ya yanke a wurin ya bar giɓi. Ɗalibar ta ce, "Malam, ba za a haɗe shi ba? Giɓin ya ɓata zanen." Ya ce, "A bar shi haka. Watan nan ba a auna ba, kuma haƙƙin mai karatu ne ya sani."

Kwanan wata ma tarko ne. Mu rana muke fara rubutawa sannan wata, Amurkawa wata suke farawa da shi. Idan manhaja ta karanta 01/08 a tsarin Amurka, 1 ga Agusta ya koma 8 ga Janairu, sai ruwan tsakiyar damina ya bayyana a tsakiyar hunturu. Wanda ya san ƙasar zai tsaya nan take, domin ya san ba a ruwa a Kano a Janairu. Wanda bai sani ba zai wuce. Haka taswira: umarnin da ke zana jerin lambobi a matsayin hoto yana sa layin farko a sama, alhali fayiloli da yawa daga kudu suke farawa. Idan ba a lura ba sai taswirar ta kife, ruwan Fatakwal ya koma wajen Agadez. Shi ya sa masu aikin ke cewa sanin fannin da kake zana wa ya kai sanin umarni muhimmanci.

Akwai kuma ma'aunin ninki goma, wanda kowane mataki nasa ke ninka na baya sau goma: 1, 10, 100, 1000. Yana da amfani ƙwarai wajen nuna yaɗuwar annoba ko yawan ƙwayoyin cuta, amma sifili ba shi da wuri a cikinsa. Duk ranar da aka samu sifili, ɗigonta ɓacewa yake yi, kuma sai mai lura ne zai ƙirga ɗigo ya ga sun ragu.

Tsarin gwani a duk waɗannan ɗaya ne. Ya fara duba bayanan da idonsa kafin zane. Ya rage umarnin zuwa layi kaɗan da har yanzu ke haifar da matsalar. Ya canza abu ɗaya tak, ya sake gwadawa. Ya duba sigar manhajar da ke kan kwamfutar, domin umarnin da ya yi aiki shekara biyar da suka wuce yana iya canza hali a yau.

Batun launi

Shekaru da dama, jerin launukan da Matplotlib ke sawa da kansa shi ne mai kama da bakan gizo, wanda ake kira jet: shuɗi, ruwan sararin sama, rawaya, ja. Yana ɗaukar ido, amma yana yaudararsa. Haskensa ba ya ƙaruwa a jere. Rawaya da ruwan sararin sama sun fi maƙwabtansu haske, don haka ido yakan ga iyaka a inda lambobi ke tafiya sumul, ya kuma rasa bambanci a inda yake. Idan aka buga shi baƙi da fari, mafi ƙanƙanta da mafi girma duk duhu suke fitowa. Wani bincike da Michelle Borkin da abokan aikinta suka yi a Jami'ar Harvard a 2011 ya nuna cewa masu duba hoton jijiyoyin zuciya sun fi yin kuskure wajen gano wuraren haɗari idan an yi amfani da launin bakan gizo. Ga kuma masu matsalar bambance ja da kore, waɗanda a cikin mazan da asalinsu arewacin Turai ne sun kai kusan ɗaya cikin 12.

A 2015 Stéfan van der Walt da Nathaniel Smith suka gabatar da sabon jeri mai suna viridis, wanda ke tashi daga shunayya mai duhu, ya bi ta shuɗi da kore, ya ƙare a rawaya, haskensa na ƙaruwa daidai da ƙaruwar adadi. Da Matplotlib 2.0 ya fito a Janairun 2017, shi ya zama zaɓin farko. Duk da haka zaɓi na hannun mai sana'a. Idan abin da ake nunawa ƙari ne da ragi, kamar shekarun da ruwa ya haura matsakaici da waɗanda ya gaza, jeri mai launi biyu ake so, fari a tsakiya, kuma wajibi ne farin ya zauna daidai kan sifili. Idan aka bar wa manhaja, tsakiyar lambobin za ta ɗauka, sai yankin da ya yi ƙarancin ruwa ya fito da launin wadata. Launukan layi kuwa goma ne a jerin farko, na sha ɗaya maimaita na farko yake yi. Wanda ya zuba ƙananan hukumomin Kano 44 a fili guda zai sami layi huɗu ko biyar masu launi ɗaya. Gwani yakan raba su ƙananan filaye masu ma'auni ɗaya, ko ya dusashe sauran ya haskaka wanda ake magana a kansa.

Ƙa'idar mujalla da haruffanmu

Kowace mujallar kimiyya da nata ma'auni. Nature, alal misali, faɗin zanenta milimita 89 ne idan zai ɗauki rabin faɗin shafi, 183 idan zai cika faɗin duka. Wanda ya yi zane mai faɗin inci 12 don ya cika masa fuskar kwamfuta, idan aka matse shi zuwa milimita 89, rubutunsa mai girman 10 zai koma ƙasa da 3, ba mai iya karantawa. Mai sana'a tun farko yake yanka shafin daidai girman da za a buga. Zanen layi yakan adana shi a PDF ko SVG don kada ya dushe in an faɗaɗa, hoto kuma a ɗigo 300 cikin kowane inci ko fiye. Ya kuma san cewa wasu masu ɗab'i ba sa karɓar irin haruffan da Matplotlib ke cusawa cikin PDF da kansa, sai an sauya saiti guda daga 3 zuwa 42. Irin waɗannan saituna yakan tara su a fayil ɗaya, domin zane ashirin na kundin digiri su fito da kama ɗaya.

Mai rubuta bayanin zane da Hausa yana da ƙarin abin lura. Salon haruffan da ke zuwa da Matplotlib, DejaVu Sans, yana ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ da kuma ƴ da ake rubutawa a Nijar. Amma da zarar an sauya zuwa wani salon da ba shi da su, sai ƙaramin akwati ya fito a gurbin harafin, ƙasa ta rasa kanta, ɗari ya rasa farkonsa. Wasu sukan gudu daga matsalar su rubuta k da d kawai, wanda hakan ke mayar da ƙasa kasa. Gyaran gaskiya shi ne a zaɓi salon da ya cika. Rubutun Larabci da ajami ya fi wuya, domin shekaru da yawa Matplotlib ya riƙa fitar da haruffan a rarrabe kuma daga hagu zuwa dama, sai an haɗa da wasu ƙananan manhajoji da ke liƙa su su juya su.

Amana

Duk ƙwarewar da ke gyara zane ita ce kuma ke iya karkatar da shi. Zanen sanduna da aka fara daga 90 maimakon sifili zai sa 92 da 96 su zama kamar ɗaya ya ninka ɗaya sau uku. Wannan tauye mudu ne, ko da kowace lamba da ke jiki gaskiya ce. Layi biyu a fili guda, kowanne da ma'auninsa, ana iya miƙa ɗaya har su yi kamar tare suke tafiya. Ƙananan sandunan da ke nuna rashin tabbas iri-iri ne, wasu gajeru wasu dogaye, kuma wanda bai faɗi irin da ya zana ba ya bar mai karatu cikin duhu. Zaɓin shekarun da ake kwatantawa da su ma haka. Yankin Sahel ya sha fari mai tsanani a shekarun 1970 da 1980, don haka damina guda tana iya fitowa mai albarka idan an gwada ta da waɗancan shekarun, ta fito matsakaiciya idan an gwada ta da shekarun 1950 masu yawan ruwa. Mai sana'a na ƙwarai yana rubuta shekarun da ya ɗauka a jikin zanen.

Saboda wannan amana ne gwanaye ba sa yarda a ɗauki zane a kai shi manhajar gyaran hoto a goge ɗigo ko a matsar da layi da hannu. Duk gyara a cikin umarni ake yinsa, domin gobe idan bayanai sun ƙaru, ko mai tantance takarda ya yi tambaya, a sake kunna umarnin zanen ya fito kamar yadda yake, kowa ya ga hanyar da aka bi.

Koyo da abin da ake samu

Jarin sana'ar nan kaɗan ne. Python da Matplotlib da R duk kyauta ne, tsohuwar kwamfutar cinya tana ɗaukarsu, kuma da zarar an sauke su ba sa buƙatar intanet. Shafin Matplotlib yana da ɗaruruwan misalai, kowane zane da umarninsa a ƙasa, kuma yawancin masu aikin ta nan suka koya: su ɗauki misali, su sa nasu bayanan, su lalata, su gyara. Abin da ba a saukewa shi ne haƙuri da ido mai shakka. Masu wannan hannu ana neman su a cibiyoyin binciken noma, da na lafiya, da bankuna, da gidajen jarida, da hukumomin yanayi irin su NiMet a Najeriya da cibiyar AGRHYMET da ke Yamai. Ɗaliban digiri na biyu da na uku kuwa, kowace shekara da yawansu ke neman wanda zai daidaita musu zane kafin ranar kare kundi.

Kirana ga matasanmu masu karatun kimiyya da lissafi da noma da likitanci shi ne su koyi wannan aiki tun suna aji, kada su jira ranar da kundi ya matse su. Malaman jami'a kuma su riƙa neman ɗalibi ya kawo umarnin da ya haifi zane tare da zanen, su kuma sa sunan wanda ya yi aikin a inda ya cancanta. Kai kuma mai karatu, duk zanen da aka nuna maka a jarida ko a taro, fara da duba inda ma'auninsa ya soma da abin da aka auna, kafin ka yarda da abin da yake faɗa.